Yadda ake wanke kabon daga injin mota da sinadarin narkarwa

Duk injin da ke ƙona fetur yana barin saura. Man da bai ƙone sarai ba, da tururin baƙin mai da ke tasowa daga ƙasan inji, suna sauka a kan ƙarfe mai zafi su gasu, yau kaɗan gobe kaɗan, har su zama baƙin ɓawon da makanikai ke kira kabon. Sabonsa danƙo gare shi kamar kwalta. Wanda ya shekara kuwa kamar ƙanzo yake a gindin tukunya: ɗauraya ba ta fitar da shi, sai an jiƙa an ba shi lokaci, wani sa'in ma sai an kankare.

Sinadari ba ya wanke inda bai taɓa ba. Yawancin masu cewa sun zuba magani a tanki ba su ga canji ba, ba maganin ne ya gaza ba, dauɗar ce take wurin da fetur ba ya bi. Don haka kafin ka sayi gwangwani ko ɗaya, ka san inda kabon ɗin yake.

Gano wurin da ya taru

Idan mota tana rawa a silo, ko tana mutuwa da zarar ka ɗaga ƙafa daga totur ko ka kunna AC, fara duba maƙogwaron totur, wanda wasu makanikai ke kira bakin injekta. Idan ta rage ja kuma shan mai ya ƙaru a hankali, zargi nozul, wato bakin da ke fesa fetur. Idan kana hawa tudu ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, mai yiwuwa kabon ya yi kauri a kan fistin, yana riƙe zafi yana sa mai ya kama kafin lokacinsa. Idan kuma baƙin mai yana raguwa ba tare da yoyo ba, ga shuɗin hayaƙi a salansa, to mai yiwuwa ringin mai, wato zoben fistin da ke share baƙin mai daga bangon silinda, ya maƙale ko ya cinye.

A sa wa motar kwamfuta. Lambar P0300 zuwa P0304 tana nufin silinda na tsallake wuta, P0505 matsalar silo ce, P0401 kuwa hanyar EGR ce ta toshe, wato hanyar da ke mayar da wani kaso na hayaƙi cikin inji. Amma mataccen koyil, tsohon fulogi da tsagaggen tiyon iska duk suna ba da irin waɗannan alamu. A kawar da zarginsu tukuna.

Sai kuma nau'in injin. A mota irin Corolla, Camry ta 2002 zuwa 2011 ko Accord ta 2003 zuwa 2007, nozul yana fesa fetur ne a bayan bawul ɗin shigar iska, saboda haka man yana wanke bawul ɗin kullum, maganin tanki ma yana isa gare shi. A injin da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda, irin masu alamar GDI na Hyundai da Kia, FSI da TSI na Volkswagen, EcoBoost na Ford, ko Lexus IS250, fetur ba ya taɓa bayan bawul ko kaɗan. Ko kwalba goma ka juye a tanki, bawul ɗin na nan da ƙanzonsa.

Duk abin da zai biyo baya na injin fetur ne. Kada a fesa sinadari mai kama wuta ta hanyar iskar injin gas (dizal) yana aiki: injin zai ɗauke shi a matsayin mai, ya yi ta gudu ba ya jin totur.

Maganin tanki

Shi ne mafi sauƙi, kuma da shi ya kamata a fara idan matsalar ba ta yi nisa ba. Duba bayan kwalba ka nemi sinadarin PEA (polyetheramine), mai narkar da kabon. Shi ne ke jure zafin cikin silinda, ya wanke bakin nozul da saman fistin. Techron da Red Line SI-1 suna cikin masu ɗauke da shi. Da yawa daga cikin masu arha ba su wuce ɗan'uwan kalanzir da aka sa wa launi ba, ga kuma jabu a kasuwa, don haka a saya a wurin da aka amince da shi.

Yawanci kwalbar mililita 300 zuwa 350 ana haɗa ta da lita 45 zuwa 70 na fetur, gwargwadon abin da kamfanin ya rubuta. Ka je gidan mai tankinka ya kusa ƙarewa, ka juye kwalbar, sannan a cika, don man da ke shiga ya gauraya shi. Ka ƙone wannan tankin har ya kusa ƙarewa kafin ka ƙara wani, zai fi kyau a doguwar tafiya. Kada ka ninka adadin wai don ya fi aiki. Wani kaso na sinadarin yana zurarewa ta gefen ringi ya shiga baƙin mai, shi ya sa ya fi dacewa a yi wannan aikin dab da lokacin juyen baƙin mai.

Maƙogwaron totur

Inji a kashe, ya huce, makulli a waje. Sassauta maɗaurin babban tiyon da ya taso daga iyakilina ka zare shi. Za ka ga faifan ƙarfe a tsakiyar bututu, da baƙin zobe mai danƙo daidai inda bakin faifan ke kwanciya. Wannan ɗan zoben shi ne ke toshe 'yar kafar da iskar silo ke bi.

Fesa maganin wanke totur a kan tsumma mai tsabta marar zubar da zare, ba cikin bututun ba, ka goge bango da gefen faifan gaba da baya. Inda ya ƙi, ka sa tsohon buroshin haƙori. Ban da sukudireba, ban da samfefa, domin ƙarcewa kaɗan tana canza yawan iskar da ke wucewa. Idan totur ɗin mai waya ne, ja shi da hannu faifan ya buɗe. Idan na lantarki ne, akwai ƙaramin injin lantarki da haƙoran roba a gefensa: kada ka fizge faifan, kada kuma ruwan maganin ya gangara ta sandarsa ya shiga akwatin lantarkin. Mafi kyau a kwance shi gaba ɗaya, yawanci noti huɗu ne, a wanke shi ɓangaren lantarkin yana sama, a mayar da sabon gaskit. Kada ka sa yatsa a ciki alhali makulli na kunne.

Bayan wankin silo zai iya hawa sama, domin ƙwaƙwalwar motar ta saba buɗe faifan da yawa don rama toshewar. Wasu motocin suna daidaita kansu bayan minti goma na silo da 'yar tafiya. Wasu, musamman Nissan, sai an sake koya musu silo da kwamfuta ko ta tsarin da kamfanin ya tanada.

Na'urar auna iska da ke bayan iyakilina, wadda ake kira iyafulo, tana da siririyar waya mai laushi. Maganin kafireta na iya lalata ta. Tana da nata maganin daban, ana fesawa daga nesa kaɗan, ba a taɓa wayar, a bar ta ta bushe kafin a mayar.

Fesawa ta hanyar iska inji yana aiki

Wannan ita ce hanyar da ke kai sinadari ga bawul ɗin injin GDI ba tare da an kwance komai ba, kuma a nan ne aka fi yin ɓarna. Ana buƙatar mutum biyu, da fili mai iska, nesa da mai shayi ko mai walda.

Ɗumama injin har allurar zafi ta kai inda ta saba tsayawa. Ka sassauta tiyon iska ka zura siririn bututun gwangwanin a bayan iyafulo, dab da maƙogwaron totur, ka tabbata ya kafu sosai don kada inji ya haɗiye shi. Na cikin mota ya taka totur ya riƙe inji a juyi 2,000 a minti, wato allura kan lamba 2. Kai kuma ka riƙa fesawa a gajarce, daƙiƙa ɗaya, ka saki, inji ya dawo daidai, ka sake. Idan ya fara tari zai mutu, ka dakata, kada ka ƙara. Haka za a yi har gwangwanin ya ƙare, yawanci wajen gram 300 ne. Daga nan a taka totur sau biyu ko uku ba tare da an wuce 3,500 ba, a bar shi a silo minti ɗaya, a kashe.

Yanzu sai jira, awa ɗaya cur. A wannan lokacin ne zafin ƙarfe da sinadarin ke tausasa ɓawon. Wanda ya tayar da mota bayan minti biyar ya yi asarar gwangwaninsa. Bayan awar a tayar, a hau babban titi a yi tafiyar minti goma sha biyar zuwa ashirin. Farin hayaƙi zai fito da farko. Kada hayaƙin ya ruɗe ka ka ɗauka duk kabon ne ke fita: yawancinsa sinadarin ne da kansa ke ƙonewa.

Dalilin fesawa kaɗan-kaɗan shi ne ruwa ba ya matsuwa. Sararin da ke saman fistin idan ya kai ƙololuwa ƙarami ne, a injin silinda huɗu yawanci bai fi mililita 70 ba. Idan sinadari ya taru a manifol, wato bututun da ke raba iska zuwa silinda, ya kwarara lokaci guda cikin silinda ɗaya, fistin zai daki abin da ba ya ja da baya, sandarsa ta lanƙwashe. Aikin gwangwani ɗaya ya koma sauke inji. Wannan ne ya sa bai kamata a cire tiyon iskar burki a tsoma shi cikin kwalba inji ya zuƙa ba, balle a zuba ruwan sha kamar yadda wasu ke yi. Baya ga haɗarin, tiyon nan yana shiga manifol ta gefe guda, silinda ɗaya ko biyu za su sha, sauran su tashi a banza.

Haɗari na biyu yana kan indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa. Sinadarin da bai ƙone ba yana ƙonewa a cikinta ya ƙara mata zafi, ɓarɓashin kabon kuma na iya toshe ƙananan kafofinta. Motar da tuni take tsallake wuta, a gyara wannan kafin a fesa mata komai.

Jiƙa fistin

Ana yin sa ne idan ringin mai ya maƙale a raminsa, kamar yadda aka san injin 2AZ-FE mai lita 2.4 na Camry ta 2007 zuwa 2009 da shan baƙin mai. Yana taimakawa idan ringin maƙalewa ya yi. Idan ya cinye, ko bangon silinda ya karce, babu sinadarin da zai dawo da ƙarfen da ya tafi.

A bar inji ya huce zuwa ɗumi-ɗumi, domin kwance fulogi daga kan inji na alminiyam mai zafi yana cinye zaren ramin. A cire koyil, a hure ƙurar ramukan, sannan a fitar da fulogi duka. A juya fulin ƙasa, wato babban fulin da ke gaban inji ta ƙasa, da sifana har fistin duka su tsaya a tsakiyar tafiyarsu. Dogon tsinke mai tsabta zai nuna maka zurfin. A zuba mililita 30 zuwa 50 na maganin jiƙa fistin a kowane rami da sirinji, a ɗora fulogi a baki don kada ya tsere a iska, a bar shi awa shida zuwa kwana. A tsakani a riƙa ɗan motsa fulin gaba da baya don ruwan ya shiga bayan ringi. A injin V6 fistin a karkace suke, ruwan yana kwanciya gefe guda, saboda haka aikin ba ya kai na silinda huɗu a jere.

Kafin a mayar da fulogi, a zuƙe ragowar ruwan da sirinji mai siririn tiyo. A cire fis ɗin famfon fetur, koyil su kasance a cire, a rufe ramukan da tsumma, a yi sitata na daƙiƙa biyar sau biyu ko uku don abin da ya rage ya fito. Wanda ya tsallake wannan matakin shi ne ke lanƙwasa sandar fistin. A ɗiga baƙin mai kamar rabin ƙaramin cokali a kowane silinda, tunda sinadarin ya wanke maiƙon bango. Sai a yi juye da sabuwar filta kafin a tayar, domin yawancin abin da aka zuba ya gangara cikin kaskon mai ya tsinka shi. A tayar da motar da tsoffin fulogi, su sha dauɗar farko, bayan tafiyar kilomita kaɗan a sa sababbi.

Zuba kalanzir ko gas cikin baƙin mai don wanke ciki ba ya cikin wannan aikin. A tsohon injin da ya tara laka, yana ɓamɓaro dunƙulen da zai toshe rariyar famfon baƙin mai, fitilar baƙin mai ta kama, metal ya ƙone.

Inda sinadari ya gaza

Bawul ɗin injin GDI da ya yi kilomita 100,000 ko fiye ba a taɓa shi ba, feshi zai rage saman ne kawai. Sai an cire manifol, a juya inji har bawul ɗin silindar da ake aiki a kanta su rufe ruf, a cika ramin da sinadari ya jiƙa minti ashirin zuwa talatin, a kankare da tsinken roba ko buroshin tagulla, a zuƙe, a hure da iska. A manyan gareji ana harba garin ɓawon goron Turawa (walnut) da iska mai ƙarfi, yana cin kabon ba ya cin ƙarfe. Bawul ɗin EGR ma haka, kwance shi ake yi a wanke a hannu tare da hanyarsa.

Idan an gama, a duba abin da ya haifar da dauɗar, in ba haka ba za ta dawo. Bawul ɗin PCV da ke kan murfin inji, mai fitar da tururin baƙin mai daga ƙasan inji, idan ka girgiza shi bai yi ƙara ba, ya maƙale, a canza. Iyakilina a lokacin ƙurar hunturu ba ta kai wa'adin da littafin mota ya rubuta. Sai babban laifin da ya zama ruwan dare a garejinmu: cire tamostat, na'urar da ke daidaita zafin inji, daga motocin Kwatano da haɗa fanka kai tsaye, wai don ƙasarmu da zafi. An ƙera injin ne ya yi aiki a wajen digiri 85 zuwa 100. Idan ya kasa kaiwa nan, ƙwaƙwalwar mota tana ɗauka har yanzu safiya ce, ta yi ta ƙara fetur, fulogi su yi baƙi, fistin ya sake kama ƙanzo. A mayar da tamostat mai lambar zafin da kamfanin ya sa, a mayar da fanka kan na'urarta, a fitar da iskar da ta shiga lagireto, sannan a goge lambobin da ke kwamfuta a yi tafiyar kwana biyu a sake dubawa.