Yadda Ake Bin Sawun Saƙon Imel Da Bai Isa Ba Kuma Bai Dawo Ba

Kawuna dillalin albasa ne, daga Goronyo da Wurno yake ɗauko kaya yana turawa Kudu. Wata ranar Afrilu ya shigo shagona na buga takardu a Mabera, gumi ya jiƙa masa taguwa sharkaf, ko zama bai yi ba ya miƙo min waya. Kwana 9 ke nan da na taya shi aika takardar farashi ta imel zuwa wani kamfanin sarrafa abinci a Legas. Ya kira su, sun ce ba su ga komai ba.

"Ɗana, ba kai kac ce in saƙo bai kai ba shina dawowa ba? To wanga bai dawo ba, su ko sun ce ba su gan shi ba. Tsakaninka da su wa ka ƙarya?"

Na ce, "Kawu, zauna ka sha ruwa tukuna. Mai yiwuwa babu mai ƙarya a cikinmu."

Laifina ne, rabin magana na faɗa masa tun farko. Gaskiya ne saƙon da ya kasa shiga yakan dawo da takardar bayani. Amma ba kullum ba, kuma shirun da ka ji ba shaidar isa ba ce.

Ka ɗauka ka kai ƙunshi tasha ka ba direban Illela, ya karɓa ya ce maka an gama. Wannan "an gama" ba ta nuna ƙunshi ya shiga hannun mai shi ba, nauyi ne kawai ya sauka daga kanka ya hau kan direba. Haka imel yake tafiya, hannu zuwa hannu: daga wayarka zuwa babbar kwamfutar kamfanin da ka buɗe akwati a wurinsa, wadda ake ce wa saba, daga can zuwa sabar mai karɓa, wani lokaci ma sai ya ratsa matata biyu ko uku, wato manhajojin da ke tace saƙonni, kafin ya ga akwati. Ƙa'idar wannan miƙe-miƙe sunanta SMTP. Jon Postel ne ya rubuta ta a Amurka a 1982, aka sabunta ta a 2008. Duk sabar da aka kawo wa saƙo da lamba take amsawa. In ta ce 250, ta karɓa. Lambar da ta fara da 4 tana nufin a dawo an jima. Wadda ta fara da 5 kuwa ƙi ne kai tsaye, kamar 550 da ake bayarwa in babu mai wannan adireshi.

Idan a bakin ƙofa aka ƙi saƙo, ba wahala, sabarka tana tsaye ta ji da kunnenta, nan take za ta rubuto maka. Inda gizo ke saƙa shi ne a ce 250, sabarka ta kama gabanta, sannan can cikin gida wani abu ya sami saƙon. Daga nan ya rage ga masu gida su sanar da kai ko su yi gum.

Ga yadda nake bin sawu, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

Na farko: saƙon ma ya fita daga wayarka?

Buɗe akwatin da aka rubuta wa Outbox. In yana can, bai je ko'ina ba, sabis ne ya yanke lokacin da ka danna, ko an kashe wa manhajar damar aiki a bayan fage don tattalin data. Abin da bai bar gida ba ba shi da hanyar dawowa. Na Kawu yana cikin Sent da ranarsa da lokacinsa, sai muka wuce.

Na biyu: nemi takardar dawowar, ƙila ta zo ba ka gan ta ba

Ba da sunan wanda ka aika wa take zuwa ba, shi ya sa ido ke tsallake ta. A Gmail sunan da take ɗauke da shi Mail Delivery Subsystem ne. Shiga wurin bincike ka rubuta in:anywhere from:mailer-daemon, wannan zai tono har cikin Spam, wato akwatin da ake jefa saƙonnin da ake zargi, da kwandon shara. Mai amfani da Outlook ya nemi postmaster. Kada a yi jinkiri, domin Gmail yana share abin da ya kwana 30 a Spam.

Sai ka duba ko naka akwatin ne ya cika. Google yana ba kowa gigabait 15 kyauta, kuma imel da hotuna da Drive duk daga tukunya ɗaya suke ci. Tun 2024 ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android ma ta shiga lissafin, kuma kowa ya san yadda bidiyon biki da na wa'azi ke taruwa a wayoyinmu. In akwatin ya cika bayan ka aika, takardar dawowa za ta zo ta tarar da ƙofa a rufe. Ita kuma an yi ta ne ba tare da adireshin mayarwa ba, da gangan, don kada saba biyu su yi ta jifan juna da takardu har abada. In ta kasa shiga, ta ɓace ke nan, ba mai sake sanar da kai.

Na uku: karanta adireshin harafi bayan harafi

Ba karatun ido ɗaya ba. Ni da biro nake bi, ina kwatantawa da inda aka samo shi. Sifili da harafin o, lamba 1 da ƙaramin l, r da n in sun jeru su yi kama da m. Sannan wutsiyar: .com ne, ko .com.ng, ko .ng kawai? Uku ne daban, mai yiwuwa masu su ma daban.

Mutane suna ɗauka kuskuren adireshi kullum yana jawo dawowa. A'a. Yana dawowa ne in babu kowa a adireshin da ka rubuta. A garin da kowace unguwa take da Abubakar da Bello da Shehu bila adadin, kowa yana liƙa lamba a bayan sunansa, in ka juya 12 ta koma 21 ba mamaki akwai mai ita. Saƙo ya isa lafiya lau, gidan wani kawai ya shiga, shi kuma ya share ya ci gaba da harkarsa. Akwai kuma masu yin rajistar sunaye masu kama da na manyan kamfanoni, harafi ɗaya ne bambanci, su buɗe ƙofa suna karɓar duk abin da ya faɗo. In takardar shaida ko bayanin banki ka tura irin wannan wuri, damuwarka ta wuce rashin amsa. Ɗigo kam kada ya ɗaga maka hankali in adireshin Gmail ne, ba ya lissafa ɗigon da ke cikin suna.

Na huɗu: ƙirga kwanaki

In sabar can ta mutu, ko tana ta cewa a dawo an jima, taka ba ta fid da rai nan da nan. Tana ajiye saƙon a layi tana sake gwadawa. Ƙa'idar SMTP ta ba da shawarar a yi kwana 4 zuwa 5 ana gwadawa, kuma manhajar Postfix da sabobi da yawa ke amfani da ita kwana 5 take yi in ba a sauya mata ba. Wasu suna aiko da gargaɗin jinkiri a tsakani, wasu ba sa yi. Shirun kwana 2 bai isa a yanke hukunci ba. Na Kawu ya kwana 9, wannan uzuri ya faɗi.

Na biyar: wane adireshi aka rubuta a bayan ambulan?

A koma tasha. A cikin wasiƙa ka sa sunanka, amma a bayan ambulan lambar yaron shagonka ka rubuta. In direba bai sami mai saƙo ba, yaron zai kira, ba kai ba. Imel ma adireshin mai aikawa biyu gare shi. Akwai wanda mai karatu ke gani a sama, akwai na ambulan, wanda ake mayar da saƙo gare shi. In daga Gmail ɗinka ka aika kai tsaye, galibi ɗaya ne. Amma in ta fom ɗin shafin intanet saƙon ya fita, ko ta manhajar lissafin kuɗi, ko ta na'urar hoton takardu ta ofis mai aikawa da kanta, na ambulan yakan zama wani akwati da ba wanda ya taɓa buɗewa. Can takardun dawowa suke taruwa kamar shara a bayan kasuwa.

Don ka gani, ka aika wa kanka saƙo ta wannan hanyar, ka buɗe shi cikin Gmail a kwamfuta, ka danna ɗigo ukun da ke gefe, ka zaɓi Show original, ka nemi layin Return-Path. Abin da ke gabansa shi ne gidan da ake kai labari.

Na shida: ko da gangan aka haɗiye shi?

Nan ne yawancin shirun yake fitowa, kuma ban cika ganin laifin masu yin sa ba. Masu aika saƙonnin damfara ba sa sa adireshinsu na gaskiya a ambulan, na bayin Allah suke ara. In saba ta karɓi dubban irin waɗannan, sannan ta ce sai ta mayar da kowanne da takardar bayani, kan wa za su sauka? Kan mutumin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Ya wayi gari akwatinsa cike da dawowar saƙonnin da bai aika ba, ita kuma sabar a sa ta cikin jerin masu damun jama'a, a daina karɓar nata. Saboda haka masu kula da saba suka koyi darasi: abin da matata ta zarga bayan an karɓa, ko a tsare shi, ko a jefar, amma ba a mayarwa. Ita kanta ƙa'idar 2008 ta yarda ana yin haka, sai dai ta ja kunne cewa abu ne mai haɗari, kada a yi sai an tabbata saƙon na cuta ne. Matata kuwa ba ta san dillalin albasa ba. Ta ga baƙon adireshi, ga maƙalalliyar takarda, ga maganar kuɗi da lambar asusu, kamanninsu ɗaya da na ɗan damfara.

Haɗiyar iri-iri ce. Wani saƙon yana Spam na mai karɓa. Wani yana tsare a ma'ajiyar da sai jami'in kwamfuta na ofishin ne ke iya buɗewa, yadda ake yi wa wasu saƙonni a ofisoshi masu amfani da Microsoft 365, tsarin imel na Microsoft na ma'aikatu. In mutum ya toshe ka a Gmail, saƙonka Spam ɗinsa zai riƙa wucewa, kai ko ba za a gaya maka ba. A ƙananan kamfanoni masu amfani da cPanel, manhajar kula da shafin intanet da imel ɗinsa, akwai zaɓin abin da za a yi da saƙon da ya zo wa sunan da babu shi: a ƙi shi da bayani, ko a karɓa a zubar shiru. Wanda ya haɗa musu shafin shekaru da suka wuce ya zaɓi na biyu ya tafi, ba wanda ya sake waiwaya.

Gwajin da nake yi mai sauƙi ne. Na aika layi biyu na gaisuwa zalla, ba takarda, ba mahaɗin shafi. Sannan na sake aikawa daga wani akwatin daban, Yahoo ko Outlook. In gaisuwa ta shiga, takarda ce ke jawo tsaiko, ko nauyinta ko irinta. Gmail yana barin megabait 25, amma sabar can tana iya tsayawa ƙasa da haka, kuma takarda tana ƙara kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinta a hanya. In na Yahoo ya shiga naka bai shiga ba, adireshinka ake zargi. Mai aikawa da sunan kamfaninsa na kansa ya sa a duba masa SPF da DKIM da DMARC, hatiman da ke shaida cewa saƙo daga gidansa ya fito. Tun Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka tsaurara a kan waɗannan hatimai.

Kada ka dogara da alamar an karanta. Ba kowane akwati ke da ita ba, kuma mai karɓa yana iya ƙin mayar da ita.

Na bakwai: ɗauki waya, amma ka san abin da za ka tambaya

"Kun ga saƙona?" ba tambaya ba ce, amsarta a'a ce kullum. Ka ce a haɗa ka da mai kula da kwamfutocinsu, ka ba shi abu huɗu: adireshin da ka aika daga gare shi, wanda ka aika wa, rana da lokaci, da lambar Message-ID da ke cikin shafin Show original. Kowace saba tana da littafin shige da fice. Mai Google Workspace, wato Gmail na kamfanoni, yana da wurin binciken wannan littafi, mai Microsoft 365 yana da Message trace, mai cPanel yana da Track Delivery. Cikin mintuna zai ga ko saƙon ya iso, da inda aka kai shi. Kai mai Gmail na kyauta ba ka da wannan littafi a ɓangarenka, dole sai ta wajensu.

Haka muka yi. Sai bayan la'asar muka sami jami'in nasu, na karanta masa bayanan, na ji yana danne-danne. Ya ce saƙo ya iso tun ranar da aka aika, minti ɗaya bai cika ba, kuma ba a Spam yake ba. Akwatin na ma'aikacin sayen kaya ne da ya bar aiki wata 2 da suka wuce. Ba a rufe shi ba, ba a juya shi ga wanda ya gaje shi ba, yana nan yana amsa 250 ga duk mai sallama. Ya ba mu sabon adireshi, na sake turawa, muna kan layi ya ce ya gani.

Kawu ya karɓi wayarsa ya jefa aljihu, ya gyara hula.

"To daga yau in ka aika, kira su kai tsaye. Katin ni ka saye."