Yadda ake bin sawun dangin da yaƙi ya raba

A shagona na kwamfuta a Tudun Wada, Gombe, na koyi wannan aiki, wajen wata likita Bayahudiya mai neman jikokin ƙanen kakarta. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya raba su: kakar ta tsira zuwa Ingila a 1939, shi kuwa shiru.

Fara da tsofaffin gida tun suna raye. Tambayi sunan garin haihuwa, sunan uwa kafin aure, har da laƙabi. Juya bayan tsohon hoto. A bayan hoton da likitar ta kawo, an rubuta sunan gari da fensir, ya kusa gogewa.

Sai ka shiga rumbun tarihi na Arolsen a Jamus, mai bayanan mutum kusan miliyan 17.5 da 'yan Nazi suka zalunta, da na Yad Vashem a Ƙudus, cibiyar tunawa da Yahudawan da suka kashe. A nan mutane ke saurin karaya. Suna ɗaya kan zo da rubutu iri uku, na Folan, na Jamus, na Amurka. Gwada duka. A Yad Vashem, duba kuma wanda ya cike takardar tunawa da mamaci, sau tari ɗan uwa ne.

In ka samu, kada ka afka da waya. Aika gajeren saƙo da hoton, ka jira. Likitar ma sai da ta yi sati uku tana leƙowa shagon.