Kafin ka rubuta sunan cuta a kan kati

Duk shekara sai an turo mana sababbin ɗalibai, masu koyon jinya da malaman asibiti, kuma kurakuran nan dai su ne ba sa canzawa. An haddace sunayen cututtukan ƙwaƙwalwa, amma an manta da sharuɗɗan da sai sun cika kafin a kira cuta da sunanta. Na gaji da maimaitawa a bakin gado, shi ya sa na zauna na rubuta.

Abu na farko, ba ku tambayar tun yaushe. Mace ta zo tana kuka, ko sadakar bakwai ta mahaifiyarta ba a yi ba, sai ka ga an rubuta mata ciwon damuwa. Littafin DSM-5, wanda ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fitar a 2013, cewa ya yi sai an samu alamomi 5 cikin 9, sun kai mako 2 kusan kullum, kuma dole ɗaya daga ciki ta zama ƙuncin rai ko daina jin daɗin abin da mutum ya saba so. Sauran su ne rikicewar barci, canjin cin abinci, kasala, ganin kai ba shi da amfani, kasa tattara hankali, sanyin jiki ko kasa zama wuri ɗaya, da tunanin mutuwa. Ciwon yawan zullumi sai ya kai wata 6. Firgicin da ke bin wanda ya tsira daga hannun masu garkuwa ko hatsarin mota, sai ya wuce wata 1. Ni ɗabi'ata, ba na cewa "kwana nawa", don amsar kullum "an daɗe" ce. Sai in ce, kafin azumi ne ko bayan salla? Kafin damina ko bayan girbi? Nan take ake tunawa.

Na biyu shi ne wanda ba na iya magana a kansa raina bai ɓaci ba. Ba duk mai sambatu ne ke da taɓin hankali ba! Ɗan wana, saurayi lafiyayye a Tudun Wada, ya wayi gari lokacin zafi yana surutai, yana fizge-fizge, bai gane mahaifiyarsa ba. Aka kai shi wani ƙaramin asibiti, aka danne shi aka yi masa allurar barci, aka ce hauka ne. Ba wanda ya taɓa goshinsa, ba wanda ya ɗaga wuyansa ya ga ko ya sanƙare. Sanƙarau ne. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma har yau kunnensa ɗaya ba ya ji. Don Allah me zai ɗauke ku, a ce mutum ya kasa sa ma'aunin zafi a hammata? Ruɗewar da ta zo cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki, tana lafawa tana tashi, ta fi tsanani da dare, mutum bai san inda yake ba, bai san ranar ba, wannan ciwon jiki ne har sai an tabbatar da akasin haka. A duba zazzaɓin cizon sauro, taifot, sanƙarau, faɗuwar sukari, buguwa a ka. Ni ba na buɗe baki a kan ƙwaƙwalwa sai na auna zafi, na duba sukari, na lanƙwasa wuya. Shi kuwa ciwon sikizofireniya, taɓin hankalin da ke sa mutum jin muryoyi ko gaskata abin da babu, littafin ICD-11 na Hukumar Lafiya ta Duniya wata 1 yake nema, DSM-5 wata 6. Yaya za ka yanke shi a dare ɗaya?

Sai kuma saurin ba da amitriptyline, maganin ciwon damuwa. Kafin ka ba mai damuwa wannan magani, tambayi matarsa ko ƙaninsa: ya taɓa yin mako guda ba ya barci kuma ba ya gajiya, magana ba tsayawa, yana rabon kuɗin jari, yana ganin ya fi kowa? In an ce e, to ciwon nan mai hawa da sauka ne, wato wanda mutum ke shiga zumuɗi wani lokaci, wani lokaci kuma damuwa, kuma maganin damuwa shi kaɗai yana iya tayar masa da shi. Mara lafiya ba zai faɗa maka da kansa ba, don a ganinsa lokacin ne ya fi lafiya.

Mutanenmu ba sa shigowa su ce "ina cikin damuwa". Cewa za su yi kaina na zafi, gabana na faɗuwa, wani abu na yawo a jikina. Kada ka sallame su da farasitamol, ka tambayi barci da ci da zaman gida. Amma kuma ka duba ƙarancin jini da maƙoƙo.

Takardar PHQ-9, mai tambayoyi 9 a kan alamomin ciwon damuwa, ta tantancewa ce kawai. Maki 10 na nufin ka zauna ka yi tambaya sosai. Wanda ya ce sammu ne ko iska, wannan magana tasa ba alamar ciwo ba ce, haka dangi duka suke gani, kuma in ka yi masa dariya ba zai dawo ba. Ka tambayi matasa tiramadol da kodin da wiwi, amma bayan iyaye sun fita. Ka tambayi tunanin kashe kai kai tsaye, cikin tausasawa. Tambayar ba ta sa mutum ya aikata.

Mai jego da ta daina barci ta fara ruɗewa a makonni 2 na farko, ba a ce mata ta dawo mako mai zuwa. A ranar za ka rubuta mata takarda zuwa asibitin koyarwa na Shika ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, ka kuma gaya wa uwarta kada a bar ta ita kaɗai da jaririn.