Shawara ga masu rubuta jogurafi a WAEC

Salam 'yan uwa, in aka ce ku kwatanta ci gaban ƙasashe don Allah kar ku tsaya kan GDP (jimillar darajar kaya da ayyukan da ƙasa ke samarwa) kawai, nan ɗalibai ke zubar da maki wallahi. Najeriya ta fi Morishiyos girman tattalin arziki nesa ba kusa ba, amma raba kuɗin nan wa mutum sama da miliyan 200 ka ga abin da kowa zai tashi da shi. Ku kawo HDI, wato ma'aunin ci gaban ɗan Adam, wanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara fitarwa a 1990, yana haɗa tsawon rai da ilimi da kuɗin shiga, maki daga 0 zuwa 1. Misali kuma ku ɗauki Ikwatoriyal Gini, ga fetur ga kuɗi a takarda, amma lafiya da karatu sun ja ta baya.