Wasiƙa: Asalin Kalmar da Kurakuran da Ake Yi Mata

Kuskuren da na fi cin karo da shi shi ne rubuta "wasika" da k mara lanƙwasa. Da ƙ ake rubuta ta, jam'inta kuma wasiƙu. Daga Larabci muka aro ta, wato "wathiqa", harafin ƙaf ɗin ya zama ƙ kamar a alƙali da alƙalami, "th" kuma ya koma s kamar a Usman da hadisi.

Wanda ya fi wannan damuna shi ne ɗaukar da ake yi cewa tun asali kowane saƙo wasiƙa ne. A Larabci saƙon yau da kullum "risala" ne. "Wathiqa" takarda ce da ake kafa hujja da ita, saiwarta ɗaya da "siƙa", sunan da malaman hadisi ke ba amintaccen mai ruwaya. Shi ya sa sanarwar da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya aika wa mutanen ƙasashen nan, a zamanin jihadin da ya fara a 1804, aka san ta da Wathiqat Ahl al-Sudan. Daga baya ne Hausa ta faɗaɗa kalmar har ta haɗa da wasiƙar da ɗa ke aika wa uwarsa.

Wasu kuma na cakuɗa ta da wasiyya. Wasiyya abin da mutum ya bari ne a cika bayan ransa, saiwarsu ma ba ɗaya ba ce. Haka takarda: ita ta bakin Buzaye muka same ta, kuma ba kowace takarda ce wasiƙa ba.

Rashin sanin nauyin kalmar yana fitowa a aikace. Kwanan baya ƙanena ya kawo min wasiƙar neman aiki in duba masa. Layi huɗu na farko duk gaisuwa ce, ina gajiya, yaya iyali, babu kwanan wata, babu sa hannu. Na ce masa, "Ƙanena, wannan ai hira ce." Muka zauna muka sa adireshinsa da kwanan wata, muka sa muƙamin wanda za a kai wa da adireshin ofishinsa, sai "Ranka ya daɗe", sai kan magana a layi guda. Buƙatar ta shiga sakin layi na farko. A ƙasa ya sa hannu, ya rubuta cikakken sunansa, sannan na sa ya yi kwafi ya ajiye kafin ya kai.