Yadda ake gane matsayin sarki a wasan karta da kuma a tsarin sarauta

Wanda bai saba da karta ba yakan ɗauka cewa da zarar sarki ya faɗo, magana ta ƙare. Ba haka abin yake ba. Akwai wasan da sarki ke kan gaba, akwai wanda goma ma take danne shi. Ga yadda za ka bi ka gane inda ya tsaya.

Da farko, baje kartar gaba ɗaya. Wadda aka fi sani a duniya, irin ta Faransa da Ingila, ƙwaya 52 ce, gida huɗu, kowane gida 13. Ware masu hoton mutum: sarki mai harafin K, sarauniya mai Q, da bafade mai J. A jerin da aka saba, sarki ne gaba, sai sarauniya, sai bafade. Tsarin ya daɗe. Kartar zamanin sarakunan Mamalik na Masar, wadda ake ganin daga gare ta wasan ya shiga Turai wajen shekarun 1370, tana da sarki da na'ibinsa da na'ibi na biyu, ba mace ko ɗaya.

Na biyu, kuma a ganina nan ne aka fi yin kuskure: kafin a raba, tambayi matsayin ƙwaya mai harafin A. A wasan birij da foka, tana saman sarki. A yawancin nau'o'in wasan rami kuwa lamba ɗaya ce, mafi ƙanƙanta, sarki ya zama ƙololuwa. Wasan Skat na Jamus ya fi ba da mamaki. A can ƙwayar A maki 11 take da shi, goma 10, sarki 4 kacal, kuma a wasan da aka saba, fadawa huɗun nan su ne suka fi kowa ƙarfi. Wanda ya zauna bai yi wannan tambaya ba, zai riƙe sarki yana taƙama har a cinye shi.

Na uku, duba yadda sarakunan huɗu suke a tsakaninsu. A foka duk ɗaya suke. A birij, wajen tayi, wato lokacin da 'yan wasa ke faɗin abin da za su iya ci kafin a fara, baƙin gida mai kama da kan mashi ne babba, sai mai zuciya, sai mai lu'ulu'u, sai mai ganye uku. A Skat kuma mai ganye ukun ne ke gaba. Idan an ayyana wani gida a matsayin mai ci a zagayen, to mafi ƙanƙantar ƙwayarsa tana kayar da sarkin kowanne daga sauran gidajen.

Kada sunayen da ke jikin kartar Faransa su ruɗe ka. An rubuta David a kan mai mashi, Charles a kan mai zuciya, César a kan mai lu'ulu'u, Alexandre a kan mai ganye uku. Ado ne na masu bugawa, ba ya ƙara wa kowa maki. Shi Julius Kaisar ɗin ma bai taɓa zama sarki ba har aka kashe shi a shekara ta 44 kafin miladiyya.

To, a fadojin gaske fa? Hanyar ɗaya ce: ka san tsarin kafin ka jera mutane.

Fara da laƙabi. A al'adar Turai, sarkin sarakuna mai riƙe da daula yana sama da sarkin ƙasa ɗaya. Irin wannan rawani Paparoma Leo na Uku ya naɗa wa Charlemagne, sarkin al'ummar Frank, a Rum a shekarar 800. Yau Japan kaɗai ke da mai wannan laƙabi, Naruhito, wanda ya hau a 2019, amma tsarin mulkin ƙasar na 1947 bai ba shi ikon siyasa ba.

Sai ka tambaya: mutumin nan shi ne shugaban ƙasarsa, ko yana ƙarƙashin wani? Wannan ya fi laƙabi nauyi. Albert na Biyu na Monako yarima ake ce masa, amma ba kowa a samansa a ƙasarsa. Manyan masu sarauta na Birtaniya kuwa, komai girmansu, talakawan sarki ne.

Idan sarakuna masu cin gashin kansu suka haɗu a taro, galibi ana duba wanda ya riga hawa, ba girman ƙasa ko dukiya ba. Da wannan ma'auni Sultan Hassanal Bolkiah na Burunai, wanda ke kan gado tun 1967, yake gaban takwarorinsa.

Abu na ƙarshe, kada ka ɗauko jerin karta ka ɗora wa sarauniya. Bambanta matar sarki da wadda ta gaji mulki da kanta. Elizabeth ta Biyu ta mulki Birtaniya daga 1952 zuwa 2022 da cikakken matsayin sarki, mijinta Philip kuwa yarima ya zauna har rasuwarsa a 2021.