Inda masu neman aikin gandiroba ke tuntuɓe a jarrabawar lissafi da Turanci

Tun 2019 aka sauya wa hukumar gidajen yari ta Najeriya suna ta koma hukumar gyaran hali, amma a unguwa har gobe gandiroba muke cewa. Ɗaukar aikin yana hannun hukumar CDCFIB da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, wadda ita ce kuma ke ɗaukar jami'an sibil difens da 'yan kwana-kwana da na shige da fice. Wanda sunansa ya fito, jarrabawar kwamfuta ce ke jiransa, kuma a nan ake zubar da mutane, har da masu digiri. Galibinsu ba jahilci ke kayar da su ba. Sun yi shiri, sai dai shirin bai dace da abin da ake aunawa ba.

Babban kuskuren shi ne karatun aku. Mutum zai sayi tsofaffin tambayoyi a shagon kwamfuta, ko a turo masa a WhatsApp, ya zauna yana haddace cewa amsar ta bakwai C ce. Ranar jarrabawa a sauya lamba ɗaya, sai ido ya raina fata. Wani lokacin ma amsar da ke cikin takardar ba daidai ba ce, don babu wanda ya tantance ta. Ka rufe amsoshin, ka warware da hannunka, sannan ka sauya lambobin ka sake warwarewa. In ka iya a karo na biyu, to ka iya.

A lissafi, waya ce ta lalata mu. Saurayin da ke ba da canji a kasuwa ba tare da ya yi tunani ba, da ya ga 15 sau 12 a allo sai hannunsa ya nufi aljihu, ga shi ba a shiga cibiyar jarrabawa da waya. Lissafin kuwa ba mai zurfi ba ne: tarawa, ragewa, ninkawa, rabawa, kaso cikin ɗari, rabi da sulusi da rubu'i, da ƙirgen lokaci. Kuma shi ne na aikin kansa, don gandiroba da ƙidaya yake kwana yake tashi. In ƙidayar fursunoni ba ta cika ba, babu mai sakewa.

Ɗauki misali. Ɗakin da aka gina don mutum 80 yana ɗauke da 120, da kaso nawa cikin ɗari ya wuce ƙima? Mai gaggawa zai zaɓi 40, don ita ce rarar da ya fara gani, kuma da gangan ake ajiye ta cikin zaɓin. Wani ya zaɓi 150. Amsar 50 ce, domin 40 rabin 80 ce. Ko kuma wanda aka yanke wa shekara 3 aka yi masa rangwamen sulusi: mai da shekarun watanni tukuna, 36, cire 12, saura 24. Irin wannan rangwamen ne ya sa ake cewa shekarar gidan yari wata 8 ce. Sai agogon awa 24, wanda masu kaki ke aiki da shi. Na ga masu ɗaukar 17:00 a matsayin ƙarfe 7, alhali 5 na yamma ne. Cire 12 kawai.

Ɓangaren Turanci ya fi ɓoye tarkonsa. Ƙananan kalmomi irin su not da except da least suna juya tambaya gaba ɗaya, ido kuma yana tsallake su. Mutum ya san amsa sarai, amma ya amsa tambayar da ba a yi masa ba. Ka karanta har ƙarshe kafin ka dubi zaɓin.

Sai nassin da ake bayarwa a karanta a amsa tambayoyi a kansa. A nan masu yawan sani suka fi faɗuwa, don suna amsawa daga abin da suka ji a rediyo maimakon abin da ke rubuce. In nassin ya ce ana kulle ɗakuna ƙarfe 6, to 6 ne, ko da yayanka gandiroba ne ya ce maka ba haka ake yi a wurinsu ba. Akwai dalili: jami'in da ke karɓar takardar kotu ba ya ƙara mata nasa. Abin da alƙali ya rubuta shi ake bi. Maganin nan ba ya wuce karanta labari ɗaya a jaridar Turanci kullum, ka rufe, ka rubuta abin da ya ƙunsa cikin layi uku. Mako biyu kafin jarrabawa ba ya isa, ba a fafe gora ranar tafiya.

Lokaci ma sai an yi masa kasafi. A ce tambaya 50 ce cikin minti 40, kowace ɗaya daƙiƙa 48 ke nan. Wanda ya kafe minti 5 a kan tambaya guda don kada a ce ta gagare shi, ya yi asarar shida masu sauƙi da ke gaba. Wuce ta, ka dawo in da saura. Kuma in duk atisayenka a waya ka yi, je shagon kwamfuta ka biya kuɗin awa ɗaya, hannunka ya saba da linzamin kwamfuta, wato mouse.

Masu cewa a turo kuɗi su ba da tambayoyin gobe ko su saka suna a jerin waɗanda za a ɗauka a Abuja, hukumar CDCFIB ta sha nanata cewa neman aikin kyauta ne. Kuɗin da za ka tura musu ya isa ka sayi littafin lissafin ƙaramar sakandare a gwanjo, har ka yi ragowar na mota zuwa cibiyar jarrabawa, in a can za a yi ta, kwana ɗaya kafin ranar, ka ga ƙofar da za ka shiga.